Reshen Ɗinya a Mararrabar Dutse

Ni mutum ce mai mantuwa, har maigidana kan yi mini tsiya wai wata rana zan aiko buhun kifi gida in manta kaina a kasuwa. Amma ranar da na haura dutsen ƙauyen su Inna, ni da ita, a ƙarshen wata damina, wannan kam har ƙasa ta rufe mini ido ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ja, Inna ma ta riga mu gidan gaskiya, amma har gobe in na hangi mai tallan ɗinya a bakin kasuwar Yelwa sai in kau da kai in canja layi.

A Yelwa aka haife ni, a nan na tashi, a nan kuma nake sana'ar bandar kifi da na gada a hannun Inna. Ita kuwa 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Ngaski, wanda ke lafe a bayan wani dogon dutse, tafki na ta wancan gefen. Su biyu kaɗai kakarmu ta haifa, ita da yayanta da muke kira Kawu. Muna yara, duk kaka sai Inna ta kwashe mu, ni da yayana, mu je mu yi kwanaki. Akwai hanyar mota da ke zagayawa, amma Kawu ya fi son ya tare mu a gindin dutse mu haura da ƙafa, wai 'yan birni su san akwai duniyar da ba kifi ba.

Dutsen a lokacin daji ne sosai. Marke ne, maɗaci ne, ƙirya, taura, ɗorawa, kaɗanya, sun haɗe kai ta sama har sai ka yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ka ba. Kawu mutum ne mai fara'a, ga shi da amyar zuma rataye a itatuwa birjik, don haka kowane lungu nasa ne. Shi ya fara nuna mini rema tana shan hantsi a kan fa, da sawun gada a bakin ƙorama, da burtu yana takama cikin ciyawa kamar mai unguwa. Zabin daji kuwa sai su tashi fir a gabanka zuciyarka ta tsinke. Ni dai birai nake tsoro, irin manyan nan, gwaggon biri, masu zama a kan duwatsu suna kallon mutum ido cikin ido. Kawu ya yi ta dariya yana cewa ai su ne 'yan gari, mu baƙi ne.

A wajensa na koyi yadda mutanen wurin ke rufe hanya. In ayari ya rabu, wasu suka yi gaba wasu na baya, to duk inda hanya ta rabu biyu, na gaba kan karyo ɗanyen reshe ya gitta shi a kan wadda ba za a bi ba. Na baya in ya iso ya ga ganye a gicciye, ya san an ce masa kada ya shiga nan, sai ya bi ɗayar. Ba mai taɓa reshen, ko makiyayi ne sai ya kaɗa shanunsa su kauce. Sharaɗi guda ne, Kawu ya sha nanata mana shi: ba a rufe hanya da reshen itace mai 'ya'ya. Ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka irin camfin mutanen ƙauye ne.

Can kusa da ƙoli akwai wata ƙatuwar ƙirya, hanya ta gindinta take bi. In ka hango ta ka san ka daidaita, saura kaɗan ka fara gangara ƙauye. A gindin wannan ƙiryar naƙuda ta kama kakarmu tana dawowa daga tsintar kaɗanya, a nan aka haifi Inna. Shi ya sa duk zuwan da za mu yi sai Inna ta tsaya ta dafa ta, ta yi wa mahaifiyarta addu'a, sannan mu wuce. Iccen tsohuwa suke ce mata, ita da Kawu.

Wata shekara, lokacin da masu gawayi suka fara shigowa dutsen da injinan yankan itace, muka iso wurin muka tarar da kututture. Inna ta wuce kai tsaye, muna biye da ita har muka shiga gidan Kawu. Ko ruwan da matarsa ta kawo ba ta kalla ba.

"Wa yas sare iccen tsohuwa?"

Kawu ya sunkuyar da kai. "Ni nib bada shi. Aradu ta riga ta kashe rabinai, kuma kin ga ɗakina ya hwaɗi da damina."

"Da ka hwaɗa man ai da ni na tada maka ɗakin. Amma ka sai da wurin da anka haihe ni, ka tura shi birni cikin buhu?"

Shi ma ransa ya ɓaci, ya ce ita da take ƙona itace kullum a banda, daga sama yake faɗo mata? Wannan maganar ce ta ƙarasa lalata komai, don gaskiya ce, kuma Inna ba ta son a gaya mata gaskiya tana cikin fushi. Ta miƙe ta ce ƙafarta ta bar gidansa. Mu duka mun ɗauka fushin kwana biyu ne, tunda harshe da haƙori ma suna saɓawa. Ashe ba mu san Inna ba. Mace ce mai kirki, za ta iya cire zanen jikinta ta ba ka, amma in ta kafe ko jaki sai ya sara mata. Kawu ya aiko da zuma, ta mayar. Ya aiko dattawa, ta ba su abinci ta sallame su. Aka yi aurena bai zo ba, don ba a gaya masa ba. Haka shekaru suka yi ta tafiya. Yayana ne kaɗai ke satar jiki yana zuwa gaishe shi, Inna ta sani, tana yi kamar ba ta sani ba.

Ranar da nake ba ku labari, da sassafe muna juya kifi a kan banda, sai ga Yaya ya shigo da waya a hannu, fuskarsa ba daɗi. Ɗan Kawu ne ya hau dutse inda ake samun sabis ya kira shi. Kawu na jin jiki ƙwarai, ya daina cin abinci, kuma ya ce a gaya wa ƙanwarsa ta zo su gana, su yafi juna tun yana iya magana. Na saci kallon Inna ina jiran ta ce ba inda za ta. Ta ci gaba da juya kifi kamar ba da ita ake ba. Can sai na ga ta fara zaɓe, tana ware ragon ruwa manya-manya waɗanda suka fi yin ja, irin wanda Kawu ke so. Ta naɗe su a takarda ta sa a kwando, sannan ta dube ni.

"Ke, tsayuwar mi kike? Ɗauko man mayahina."

Muka biya kemis Yaya ya sayi magunguna da ruwan ƙari, muka shiga mota. Da hantsi muka sauka a garin da ke gindin dutse, nan aka ce mana ruwa ya cinye hanyar zagaye, ko babur ba ya iya ƙetarawa. Saura hanyar dutse, ta ƙafa. Inna kuwa a lokacin gwiwa ta fara damunta, ga idanunta hayaƙin banda ya gama da su, abu in ya yi nisa sai dai ta ga dishi-dishi. Ba mu yi nisa da fara hawa ba ta lura Yaya yana ta tsayawa jiranmu, yana duban rana.

"Kai wuce da magani," in ji ta. "Ka hwaɗa mai ina tahe. In ka kai inda hanya tar rabu, ka ruhe muna."

Yaya ya ce masu gawayi sun buɗe sababbin hanyoyi, amma mararraba ɗaya ce mai ruɗarwa, can sama, zai rufe mana ita. Ya saɓa jakarsa ya yi gaba, kafin ka ce kwabo ciyawar gamba ta haɗiye shi.

Ni da na je da tunanin dutsen yarintata, abin da na gani ya sa jikina ya yi sanyi. Inuwar nan duk babu. Kututture ne ko'ina, wasu sun yi baƙi, wasu sun fara tofo 'yan ganye abin tausayi. Ciyawa ta samu sarari ta yi tsawo har ta fi mu, rana kuwa ta samu ƙeyarmu ta zauna. Itatuwan da suka tsira su ne masu 'ya'ya, kaɗanya nan, ɗorawa can, don su masu gawayi kan ƙyale su saboda tsoron bakin mata. Ban ga rema ba, ban ji zabi ba. Ga ni kuma da takalmin zuwa biki, don ni da na ji tafiya sai na ɗauko na kirki. Inna ta kalli ƙafata ta ce, "Halan ɗaurin aure anka ce maki za mu?" Haka na cire na riƙe a hannu ina tafe ina tsalle a kan tsakuwa.

Duk da haka tafiyar ta yi mini daɗi da farko, don ban taɓa ganin Inna da sakin fuska irin na ranar ba. Tana ɗingishi tana ba ni labarin yadda Kawu ke goya ta a wannan hanyar in ƙaya ta soke ta, da ranar da zuma ta bi shi ya faɗa ƙorama da riga. Shekara da shekaru ba ta ambaci sunansa ba, ranar kuwa bakinta bai huta da shi ba. Na ce, "To Inna, in mun isa me za ki ce masa?"

"Ba ni cewa komi. In aje mai kihi, in zamna. Shi ya san ni."

Mun kusa ƙoli sai na ji wani haushi daga cikin duwatsu, gashin jikina ya tashi. Birai ne, garke guda, sun baje a kan fa. A mota Yaya ya gama gaya mini in kwantar da hankalina, wai tun da aka sare daji suka yi ƙaura. Ga su kuwa har da masu goyo. Wani ƙaton namiji yana zaune a sama yana tauna, bakinsa baƙi ƙirin, yana tofar da ƙwallaye. Na maƙale a bayan Inna ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ita kuwa ta ɗaga kai ta ce, "Ashe kuna nan, 'yan gari. Sannunku da haƙuri." Muka wuce suna bin mu da ido. Baƙin bakin nan na gan shi sarai, ban dai kawo komai a raina ba.

Gaba kaɗan muka iso mararrabar. Hanya ɗaya faffaɗa ce, ta yi hagu, har da sawun amalanke. Ɗayar siririya, ta yi dama ta kutsa tsakanin duwatsu. A bakin siririyar ga ɗanyen reshe a gicciye, ganyensa ko yaushi bai yi ba. Na ce alhamdu lillahi, Yaya ya cika alkawari, na nufi hagu. Na waiwayo na ga Inna tsaye, tana juya kai tana neman abin da babu shi. A daidai wajen ƙiryar take a da, amma ko kututturen ba a gani, an ƙone shi, ciyawa ta rufe.

"Ƙahwata na ce man dama," in ji ta a hankali. "Amma ganye ya ce hagu."

Na dubi reshen, ban gane na wane itace ba ne. Ɗinya a faranti na san ta, ban san ganyenta ba. Inna da za ta gane shi, idonta bai kai ba, gwiwa kuma ba ta bar ta ta duƙa ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta yi ajiyar zuciya.

"Da iccen tsohuwa na nan, da ba ni tambayar ganye. Amma na daɗe ban zo ba, ƙila ƙahwar ta manta. Shi yaron ya hi ni sanin wurin yanzu. Mu tahi."

Muka bi hagu. Hanyar ta yi daɗin tafiya, ba tsakuwa, har na mayar da takalmina. Sai dai gangara take yi, tana ƙara gangara. Inna ta fara cewa hanyarsu ba ta sauka da wuri haka, ni kuma ina cewa ƙila zagaye ta yi, yanzu za ta karkata. Kowace kwana muka sha sai mu ce ta gaba ce. Labarin da take ba ni ya ƙare, ba ka jin komai sai numfashinta da ƙarar sandarta. Rana ta take tsaka, ta fara karkata, sannan muka shaƙi hayaƙi.

Sansanin masu gawayi ne. Fili ne fetal, ramuka na ta hayaƙi, buhuna jibge sun fi tsayin mutum, maza baƙi wuluk da toka suna ta lodi. Wani dattijo a cikinsu ya taso da ya gan mu, muka gaisa, na faɗa masa ƙauyen da muka nufa. Ya riƙe baki.

"Subhanallahi! Hajiya, ai kun baro hanya can bisa. Wagga bakin ruwa ta nuhwa, inda jirage ka ɗaukar gawayi. Ƙauyen na bayan dutse, sai kun koma mararraba kun bi dama."

Na ɗauka ranar masu gawayi za su ji abin da ba su taɓa ji ba, don na san bakin Inna, ga shi kuma ta same su a hannu. Ko kallon buhunan ba ta yi ba. Ta roƙi ruwa, muka yi alwala muka yi azahar a gefe, ta miƙe ta kama sandarta. Dattijon ya ce ta ɗan huta, ta ce ana jiranta.

Hawan nan na komawa, Allah kada ya maimaita mini irinsa. Gwiwar ta kumbura tim, in ta taka sai ta cije leɓe. Na karɓi sandar na sa kafaɗata a madadinta, kwandon kifi kuwa ta hana ni, ta ce ita za ta miƙa masa da hannunta. Gabas ta fara haɗa hadari. Muna cikin haka sai ga mutum yana gangarowa a guje, jiƙe sharkaf da gumi. Yaya ne, riƙe da reshen nan.

Yana haki yake bayani. Shi a kan faffaɗar hanyar ya gitta shi. Da ya iso mararrabar ya duba gabas da yamma, ba marke, ba wani itacen kirki kusa, sai ɗinya guda da aka bari tsaye, ta yi 'ya'ya baƙi sil. Ya san sharaɗin sarai, tun yana yaro Kawu ke nanata mana shi. Amma yana sauri, kuma a saninsa birai sun bar dutsen, sai ya karyo ya ajiye ya wuce. Su kuwa suna ganin ya ba da baya suka sauko suka ja abinsu zuwa wajen duwatsu, suka cinye 'ya'yan tas, suka yar da reshen a bakin hanyar da ya kamata mu bi. Ya ce ƙwallayen na nan warwatse a kan fa. A ranar na san dalilin sharaɗin da na ɗauka camfi ne.

Inna ba ta bi ta kan wannan ba. "Shina da rai?"

"Da rai na baro shi. Shi yac ce in zo in dubo ki."

Ya durƙusa ya ce ta hau bayansa. Inna da ko hannu ba ta yarda a riƙe mata a kasuwa, ranar ba musu ta hau, kwando a hannunta. Muka wuce mararraba, muka kutsa siririyar hanya, ashe ƙolin ma ba nisa. Akwai wani shimfiɗaɗɗen fa a wurin, in ka tsaya a kai ka waiwaya za ka ga tafki ya miƙe har inda ido ya gaza, kwale-kwalen masunta ɗis-ɗis a kai. In ka dubi gabanka kuma ga ƙauyen can ƙasa, ana ganin rufin ɗakuna da rumbuna. Yaya ya tsaya ya gyara goyo, sai na ji ya ƙame. Na bi inda yake kallo. A filin da ke bayan gari maza ne tsaye, sun yi sahu.

"Mi ya tsai da kai?" in ji Inna. Ya kau da kai. Ta juyo gare ni. "Ke, mi kike gani?"

Na ce, "Mutane ne, Inna. Sun yi sahu."

"Cikin masallaci ko hili?"

"Fili."

Ta ce a sauke ta. Ta zauna a kan fa, ta ɗora kwandon a cinya, ta ƙura wa ƙauyen idon da ba ya kai mata. "Duba man da kyau. In sun yi ruku'u ki hwaɗa man."

Na tsaya ina kallo, ina roƙon Allah a zuci ya sa in ga bayansu ya lanƙwasa, ya zama la'asar ce zafi ya fito da su waje. Ban taɓa son ganin wani abu a duniya kamar yadda na so ganin ruku'un nan ba. Suna tsaye. Suka ci gaba da tsayuwa. Daga nan sahun ya watse, wasu suka sunkuya suka ɗauki abu a kafaɗa suka nufi wajen kukoki inda maƙabarta take. Na durƙusa kusa da ita, ba ta sake tambayata ba. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," sau ɗaya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ruwan sama ne ya raka mu gangara. Da muka shiga gidan, matar Kawu ta rungume Inna suka yi ta kuka. Ta ce ba a daɗe da fitar Yaya ba ya cika. Sun so a jira, amma hadari ya taso, liman ya ce in ruwa ya sauka kabari zai cika, ga shi ba wanda ya san inda muka shiga. Ta ce tun da Yaya ya iso ya ce masa Inna na tafe, mutumin da ya kwana biyu bai motsa ba ya sa aka tashe shi zaune, aka jingina shi yana fuskantar ƙofa, ya ce a sa masa hularsa. Ko akuya ce ta taɓa kyaure sai ya ce, "Ita ce?" Da ya ji ƙarfinsa na tafiya, ya ce a shaida ya yafe mata duniya da lahira, ita ma ta yafe masa.

Sannan ta nuna mana wata 'yar kujera ta zaman mata, ajiye a gefen shimfiɗarsa. Baƙa ce, mai nauyi, an goge ta har tana ƙyalli. Ashe ranar da aka sare ƙiryar, Kawu ya hana masu gawayi wani gutsure daga gindinta, ya kai wa masassaƙi ya yi wa ƙanwarsa kujera. Ya so ya ba ta a zuwan nan da suka yi faɗa, zafin magana ya hana. Tun daga lokacin tana ƙarƙashin gadonsa, ba ya bari kowa ya zauna a kai. Da Yaya ya iso ya sa aka fito da ita aka share, ya ce nan za ta zauna in ta iso.

Inna ta durƙusa, da gwiwar tata da komai, ta dafa kujerar kamar yadda take dafa itacen. Ta ajiye kwandon kifin a kan shimfiɗar da ba kowa. A lokacin Yaya ya shigo ya zube a gabanta yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa shi ya jawo, shi ya hana su ganawa, ta yafe masa. Ban manta amsar da ta ba shi ba, don ba ta ɗaga murya ba.

"Tashi. Ba kai ne ba, ba biri ne ba. Biri abincinai ya gani ya ɗauka. Ƙahwata ta hwaɗa man gaskiya na ƙi yarda da ita, don na san na daɗe ban kawo ta ba. Da ina zuwa, wane ganye za ya ɓad da ni a hanyar gidanmu?"

Kifin nan shi aka yi wa masu zaman makoki miya da shi washegari. Inna ba ta ci ba.

Da muka dawo Yelwa ta taho da kujerar, a kanta take zama tana juya kifi har ƙarshen rayuwarta. Ba ta ƙara yin doguwar gaba da kowa ba. In suka saɓa da maƙwabciya da safe, kafin la'asar za ka gan ta da ɗan kwano ta nufi gidan, tana ɗingishi tana mita. Ta riƙa komawa ƙauyen kowace kaka tana duba matar Kawu da 'ya'yansa, har gwiwa ta kayar da ita. Yaya har yau ba ya cin ɗinya, kuma duk yadda muka yi da shi bai daina ganin laifin kansa ba. Ni kuwa abin da ke ci mini rai shi ne ɗan tazarar da ke tsakanin mararrabar nan da ƙofar Kawu. Da mun bi dama, da tun kafin azahar tana zaune a kan kujerarta.

Dutsen yanzu ba mai hawansa sai dole, daji ya lalace, mu ma ta hanyar zagaye muke bi in ta yi kyau. Kujerar tana ɗakina. In raina ya ɓaci da wani nawa, na ji zuciyata na cewa bari sai ya fara zuwa, sai in dube ta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa a kan fa na gane ma'anarsa, ina kallon sahun da bai yi ruku'u ba. In kana da ɗan'uwan da kuka saɓa, kada ka jira sai an aiko maka yana kwance. Tashi ka je tun ƙafarka tana gane hanya, tun shi ma yana iya tasowa ya tare ka a ƙofa.